INJIN BAI LALACE BA, SIFFAR CE BA TA DA LAFIYA

Kwanakin baya mun kai ziyarar duba aiki a wata kwalejin horar da malamai. Da muka shiga ɗakin kwamfutoci sai muka hangi wani inji a kusurwa, an lulluɓe shi da tsohon zane, an kuma ɗora masa kwalin alli a ka. Muka tambayi ko mene ne, aka ce ai injin nan ne mai ƙira da narkakkiyar roba, wanda in an zana siffar abu a kwamfuta shi kuwa sai ya gina ta hawa bisa hawa, har mutum ya ɗauka ya riƙe a hannu. An kawo shi ne domin ɗalibai su koyi yi wa kansu kayan koyarwa, amma wai ya lalace tun zangon da ya wuce, har an rubuta takarda ana roƙon a zo a ɗauke shi.

Malamin da ke kula da ɗakin mutum ne mai himma, ba mu ga abin zargi gare shi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki ɗaya muka ba shi har sau uku, sau ukun nan kuwa kunyata mu ya yi gaban ɗalibai." Aikin ba wani mai wuya ba ne. Wata ɗaliba ce ta so ta yi ɗan akwati marar murfi, santimita 10 ko wane gefe, don ta nuna wa yaran firamare da idonsu cewa abin da ya cika shi, shi ne lita ɗaya. Da fari aka aika da siffar, ba a ga kome ba. Na biyu injin ya kama gina dunƙulen roba marar rami, sai da aka kashe shi don kada zare ya ƙare a banza. Na uku akwatin ya fito, amma bango ɗaya duk giɓi ne, kamar gara ta ci.

Muka sa aka yaye zanen, aka kakkaɓe ƙura, aka ba injin wata 'yar siffa wadda aka tabbata ba ta da aibi, dunƙule mai fuska shida, milimita 20 ko wane gefe. Bai yi gardama ba, ya fito da ita sumul, aka auna aka samu daidai. Ashe inji lafiyarsa ƙalau. Siffar da a ke ba shi ita ce ba ta da lafiya, ko da ya ke in ka dube ta a allon kwamfuta ba ka ganin abin kushewa ko ɗaya.

Mun ga ya kamata mu yi bayanin wannan al'amari a fili, gama hasarar da ke cikinsa ba ta tsaya ga kuɗin inji ba. Ɗalibin da ya gwada sau uku ya kasa, sa'an nan aka ce masa na'ura ce ta lalace, zai fita ya zama malami yana ganin wannan sana'a ba ta irinsu ba ce. Haka kuwa zai riƙa gaya wa yaran da za su bi ta hannunsa har ya yi ritaya.

ABIN DA IDO KE GANI

Manhajar da ɗaliban nan ke aiki da ita Blender ce, kuma da ita za mu yi misali, ko da ya ke cututtukan da za mu ambata ana samunsu a sauran 'yan'uwanta masu zana siffa mai tsawo da faɗi da tsayi, watau abin da a ke kira 3D. Wani mutumin Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙago ta. Da kamfaninsa ya karye a 2002, sai masu aiki da ita suka yi karo-karo, suka tara Yuro 100,000 cikin mako bakwai, aka fanso ta daga hannun masu jari, aka sake ta kyauta ga kowa a watan Oktoba na shekarar. Kada kyautar ta sa a rena ta. Da ita aka yi fim ɗin nan Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci lambar Oscar ta fim ɗin zane a 2025. Saboda haka in ɗan akwati ya gagara a cikinta, sai a fara neman dalili a wani wuri tukuna.

Ko wace siffa a cikin manhajar nan abu uku ne suka haɗa ta: ɗigo, da gefe, da fuska. Ɗigo wuri ne kurum a sarari, lambobi uku ke faɗin inda ya ke. Gefe layi ne da ya haɗa ɗigo biyu. Fuska kuwa shimfiɗa ce wadda gefuna uku, ko huɗu, ko fiye, suka kewaye. In an haɗa su duka, shi ne abin da za mu riƙa kira raga. To, abin da mai koyo ya kan manta shi ne ragar nan fata ce kawai, ba nama a ciki. Dutsen da ka gani a allo kamar mutum goma ba sa iya ɗaga shi, in ka kutsa cikinsa fanko ne. Fatar kuma ba ta da kauri ko na gashin kai.

Ido ba ya damuwa da wannan, hoto ya ke so. A 1975 wani mai bincike a Jami'ar Utah ta Amurka, Martin Newell, ya auna butar shayin gidansa ya shigar da siffarta cikin kwamfuta. Butar nan ta yi suna ƙwarai, har ta zama abin da masu wannan ilmi ke gwada sababbin dabarunsu a kai. Amma siffarta ta asali ba ta da gindi. Ba a yi mata ba, don ba wanda a ke tsammani zai leƙa ta daga ƙasa. A hoto buta ce cikakkiya, a gaskiya kuwa ko cokali ɗaya na shayi ba za ta riƙe ba.

Injin ƙira shi ba ya kallon hoto. Kafin a ba shi siffa sai an bi da ita ta wata manhaja dabam, wadda ke yanka ta faifai faifai daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda a ke yanka albasa. A ko wane yanki tambaya ɗaya ta ke yi: ina ne ciki, inda za a zuba roba, ina ne kuma waje? In raga ta ba da amsa sarai, aiki ya tafi. In ba ta bayar ba, sai manhajar yankan ta yi kirdado, kirdadon nan kuwa shi ke fitowa giɓi a wani wuri, dunƙule a wani. Mafi yawan abin da za mu faɗa a ƙasa, asalinsa ke nan.

A FARA DA ƘIDAYA

Abu na fari da muka ce ɗalibar ta yi, ta bar kallo ta kama ƙidaya. Blender tana iya nuna adadin ɗigo da gefe da fuska a kusurwar allo, sai dai an kunna mata. Akwati rufaffe yana da ɗigo 8, gefe 12, fuska 6. In an cire murfi, fuska ta koma 5, saura ba su sake ba. Da ta buɗe siffarta ta biyu sai muka ga ɗigo 12, gefe 20, fuska 9. Ta ce, "Malam, ai ni fuska biyar na ke gani." Gaskiyarta. Sauran huɗun suna nan, faɗi ne ba su da shi.

Ga yadda a ke haihuwarsu. Maɓallin E shi ke tsiro da sabon sashe daga fuskar da aka zaɓa. Mai koyo ya kan danna shi, sa'an nan ya fasa, ya danna dama a linzamin kwamfuta don ya soke. To, abin da ya soke tafiyar ce kaɗai. Sababbin ɗigon an riga an yi su, suna zaune daidai bisa tsofaffin, ido ba ya iya rarrabe su. Ba mu san kuskuren da ya fi wannan yawa ga masu koyo ba, kuma ba ya nuna kansa nan take. Sai can gaba, a ga inuwa ta yi wani baƙin zane a jikin siffa, ko a so a dakushe kaifin gefe abin ya ƙi, mutum ya rasa dalili. Wanda ya fasa bayan danna E, to, ya bi da Ctrl da Z. Wanda kuma ya riga ya wuce, sai ya zaɓi ɗigon duka da maɓallin A, ya danna M, ya ɗauki umarnin da ke haɗe ɗigon da suka yi kusa da juna ƙwarai. Ratar da manhajar ke farawa da ita kashi ɗaya ce cikin goma na milimita. Ana iya ƙara ta, amma fa a hankali, gama in ta yi yawa sai ta haɗiye ɗigon da ba tagwaye ba, siffa ta motse.

A nan ne wani abu ya ba mu sha'awa. A 1750 Leonhard Euler, babban masanin lissafi ɗan ƙasar Siwizalan, ya rubuta wa abokinsa Goldbach wasiƙa, ya ce a ko wace siffa rufaffiya irin wannan, in ka ɗauki yawan ɗigo, ka debe yawan gefe, ka ƙara yawan fuska, 2 za ka samu. Akwati: 8 a debe 12 a ƙara 6, ya ba da 2. Dala mai gindi murabba'i: 5 a debe 8 a ƙara 5, har wa yau 2. In fuska ɗaya ta ɓace, lissafi ya ba da 1. In kuwa siffar tana da ƙofa ta ratsa ta kamar zobe, ko kofi mai mariƙi, sai ya ba da sifiri. Ɗaliban duk sun san wannan ƙa'ida, sun haddace ta don jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa tsammanin za ta yi masa rana a ɗakin kwamfuta. Sai dai kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Samun 2 ba shaidar lafiya ba ce, gama akwatin da aka danna wa E aka fasa yana da 12 da 20 da 10, shi ma 2 ya ke bayarwa. Rashin samun 2 a siffa rufaffiya marar ƙofa, shi ne ke cewa lalle akwai abin dubawa.

DOKAR GEFE

Doka ɗaya ce ta fi kome muhimmanci ga siffar da za a ƙera, kuma ya kamata a rubuta ta a bangon ko wane ɗaki da a ke wannan aiki. Ko wane gefe, fuska biyu ne za su haɗu a kansa, ba ɗaya ba, ba uku ba. In fuska ɗaya ce, to, nan bakin rami ne, raga ta huje kamar tsohon guga. In uku ne, akwai bangon da aka manta a cikin cikin siffar. In babu ko ɗaya, gefe ne ya ke lilo shi kaɗai, saura daga wani gyara da aka yi. Haka kuma akwati biyu da suka taɓa juna a gefe ɗaya tak sun karya dokar, gama fuska huɗu sun haɗu a kansa, kuma ba wani abu na duniya da ke iya mannuwa da wani a wurin da ba shi da kauri.

Ba sai an bi gefuna ɗaya ɗaya ba. A jerin umarnin zaɓe akwai wanda aka rubuta wa Non Manifold, in an danna shi sai ya haska duk inda aka karya dokar. Siffa mai lafiya ba abin da zai haska a jikinta. Da muka gwada shi a kan akwatin ɗalibar na uku, kusurwoyi huɗu duk suka kama wuta. Ashe da ta ga bangon na bukatar kauri, sai ta yi alluna biyar dabam dabam ta jera su, ta mamanne su da hannu. A waje sun yi kyau, a ciki kuwa ko wace mahaɗa da ragowar fuska a binne. Magani sai a share na binne da X, a toshe ramin da ya saura da F.

Bayan wannan sai maganar alƙibla. Ko wace fuska tana da gaba da baya, kuma manhaja tana riƙe da wata kibiya da ba a gani, mai nuna inda gaban ya ke. A siffa mai lafiya kibiyoyin duka waje su ke kallo. Wani lokaci fuska ɗaya ko biyu su kan juya, watau siffa ta sa rigarta baibai a wannan wuri. A allo da wuya ka lura. Manhajar yanka kuwa da ta iso nan sai ta ga alamar da ke cewa ciki shi ne waje, ta rikice. Bangon nan da gara ta ci, abin da ya same shi ke nan. Akwai wani zaɓi da ke shafa wa fuskokin da suka juya jan launi, in an kunna shi ba sauran ɓuya. A zaɓi duka, a danna Shift da N, manhaja ta sake lissafa su, su dubi waje.

Amma a lura da jeri, gama a nan mutane da yawa ke shan wahala. Manhaja ba ta iya sanin ina ne waje sai raga ta rufu kuma ba bango a cikinta. Wanda ya fara da gyaran alƙibla alhali fuskokin binne suna nan, zai danna sau goma, ja na ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan, har ya rantse manhajar ce ta haukace. A fara haɗe tagwayen ɗigo, a cire abin da ke binne, a toshe ramuka, sa'an nan a zo kan alƙibla.

KAURI DA AWO

Yanzu mai karatu ya gane dalilin dunƙulen nan na karo na biyu. Akwati mai fuska biyar marasa kauri, a wajen manhajar yanka ba mazubi ba ne, siffa ce mai ƙaton rami a sama. Ta yi abin da aka koya mata, ta toshe ramin, ta cika ciki. Wannan shi ya sa ba mu cika amincewa da maɓallan nan masu alkawarin gyara kome da dannawa ɗaya ba. Suna da amfani ga 'yan ƙananan huji, ba mu musa ba, amma ba su san bambancin bakin kofi da hujin kofi ba. Mai siffa kaɗai ya san wannan.

Hanyar da ta dace ita ce a bar fuska biyar ɗin yadda su ke, a sa musu kauri da umarnin da a ke kira Solidify. Bakin da injin ke fitar da roba ta ciki, galibi faɗinsa milimita 0.4 ne, saboda haka bangon da bai kai haka ba manhajar yanka ta kan tsallake shi, ko ta yi shi tsinke tsinke. Ga akwati irin wannan muka zaɓi milimita 2. To, sai ga wani tarko wanda ya shafi malami fiye da kowa. In ba a ce wa umarnin kome ba, ciki ya ke kai kaurin. Akwatin zai fito santimita 10 a waje, amma cikinsa 9.6 ne da 9.6 da zurfin 9.8, watau wajen kashi 903 cikin 1,000 na lita. Kusan ushiri ya tafi. Da an bar shi haka, da an sami kyakkyawan akwati mai yi wa yara ƙarya kullum. Tilas a juya kaurin ya tafi waje, cikin ya tsaya santimita 10 cif.

Da aka sa kaurin, sai muka ga bango biyu sun fi biyu kauri. Wannan kuma wata cuta ce mai zaman kanta. In mutum ya ja siffa ya tsawaita ta daga waje, ba tare da ya shiga cikin ragar ba, manhaja ba ta taɓa ɗigon. Tana riƙe tsohon awo, ta rubuta a gefe cewa a ninka wannan wajen sau kaza. Duk abin da aka ɗora daga baya, kauri ne ko dakushe gefe, shi ma sai a ninka shi haka, ya fito a karkace. A duba lambobi ukun nan na girma a gefen allo. In ba 1 da 1 da 1 ba ne, a danna Ctrl da A a tabbatar da girman. In kuwa ɗaya daga cikinsu na da alamar debewa a gaba, an juya siffar ke nan kamar a madubi, sai a sake duba alƙibla bayan an tabbatar.

Saura karo na fari, sa'ad da ba a ga kome ba. Irin fayil ɗin da aka fi aika wa manhajar yanka shi ne STL, wanda kamfanin 3D Systems ya fito da shi a 1987. Ba kome a cikinsa sai jerin alwatika da lambobinsu, kuma ba ya faɗin ko lambobin nan mita ne, ko milimita, ko inci. Blender da mita ta ke farawa, saboda haka santimita 10 a wajenta 0.1 ne. Manhajar yanka kuwa ko wace lamba milimita ta ke ɗaukarta. Akwatin ya isa, bai ɓata a hanya ba, sai dai ya isa da girman ƙwayar ƙura, ya ragu sau 1,000. In siffa ta fito daga wanda ke awo da inci, sai ka ga ta ragu sau 25.4. Duk sa'ad da abu ya zo da girma ko ƙanƙanta na ban mamaki, a raba awon da a ke tsammani da wanda aka samu. In amsa ta zama 10, ko 1,000, ko 25.4, an kama ɓarawo. Kada ɗalibi ya ji kunyar wannan kuskure fiye da kima. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi hasarar kumbonta Mars Climate Orbiter a bakin duniyar Mars, don wani rukunin ma'aikata ya ba da lissafin ƙarfin tura kumbon da awon Ingilishi, wani rukunin kuwa ya ɗauke shi awon mita ne.

SAURAN ƘANANA

Akwai waɗansu da ba sai mun daɗe a kansu ba. Umarnin da ke yanke siffa da wata siffa, kamar a huda rami a allo da sanda, ya kan ƙi in ɗayarsu ta karya dokar gefe, ko kuwa in fuskar mai yankan ta kwanta daidai wa daida bisa fuskar wadda a ke yankawa. A bar sandar ta zarce kaɗan ta ko wane waje. Siffar da ta ɓace daga allo galibi an danna H ne bisa kuskure, Alt da H ke komo da ita; in ba haka ba, maɓallin Home zai tattaro duk abin da ke nan gaban ido. Siffar da ta rine ta zama ruwan hoda mai ƙarfi bayan an kai fayil wata kwamfuta, hoton da aka lulluɓe ta da shi ne aka baro a baya, sai a riƙa cusa hotunan cikin fayil ɗin kafin a ɗauka.

Wanda ya fi waɗannan ɓarna shi ne umarnin sulɓi, mai rarraba fuskoki don siffa ta yi santsi. Dabarar Edwin Catmull da Jim Clark ce, tun 1978, kuma ko wane mataki ninka fuskoki ya ke yi sau huɗu. Akwati mai fuska 6 ya zama 24, sa'an nan 96, sa'an nan 384, a mataki na shida ya kai 24,576. Siffa mai fuska 10,000 in an kai ta mataki na huɗu ta zama 2,560,000. Yaro ya ga santsi na ƙaruwa ya yi ta dannawa, kwamfutar makaranta ta sandare, a ce ta tsufa. Mataki ɗaya ko biyu sun isa lokacin aiki. In kuma wuta ta ɗauke, ko manhaja ta rufe kanta, kada a fara kuka tukuna. Blender tana ajiye aiki da kanta ko wane minti biyu in ba a sake mata tsari ba, ana kuwa samunsa a jerin umarnin fayil, wajen farfaɗowa.

Ba mu ce na'ura ba ta taɓa yin laifi ba. Bakin inji ya kan toshe, zaren roba ya kan sha danshi da damina ya riƙa tsartuwa, faranti ya kan karkace har hawa na fari ya ƙi kamawa. Tsohuwar kwamfuta kuma ta kan kasa ɗaukar sabon fitowar manhaja. Abin da mu ke cewa shi ne akwai hanyar rarrabewa, ba ta kuwa cin fiye da rabin sa'a. A ba inji siffar da aka san lafiyarta. In ta fito daidai, a koma kan raga. In ta lalace, to, a kira mai gyara. A lokacin bincike kuma a riƙa sake abu ɗaya kaɗai a gwada, gama wanda ya sake abu biyar gaba ɗaya, ko ya dace ba zai san wanne ya yi magani ba, gobe kuma ya koma gidan jiya.

Shawarar da muka bar wa malamin, muna kuma miƙa ta ga sauran kwalejojin da ke da irin wannan ɗaki, ita ce a daina koyar da gini kaɗai. Darussan da ɗalibai ke bi duk na yadda a ke yin abu ne daga fari har ƙarshe ba tuntuɓe, shi ya sa ran da suka yi tuntuɓe ba abin da suka sani sai sharewa a sake sabo, a kuma sake kuskuren. Malami ya ɗauki akwati shida ya ɓata su da gangan, wannan da tagwayen ɗigo, wancan da fuska baibai, wani da bango a binne, wani da awon da ba a tabbatar ba. Ya raba wa ɗalibai ba tare da ya faɗi cutar ko wanne ba, ko wane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani, da abin da ya zata, da yadda ya tabbatar. Mun fi son a ba da maki a kan wannan takarda bisa ga a ba da shi a kan kyan hoto.

Ɗalibar ta sake akwatinta a gabanmu, bai ɗauke ta minti ashirin ba. Ta ƙidaya, ta nemi gefen da ya karya doka ba ta samu ba, ba ja ko ɗaya, lambobin girma duk 1, manhajar yanka kuma ta nuna milimita 104 a faɗi, 102 a tsayi. Inji ya yi sa'o'i yana aiki, ba mu iya jira ba, sai da muka komo bayan mako biyu muka gan shi. Aka auno ruwa lita ɗaya aka zuba, ya tsaya daidai baki. Jim kaɗan sai muka ga yana tsattsafowa ta wata kusurwa a ƙasa, tsakanin hawa da hawa na roba. Wannan kam ba laifin raga ba ne, sha'anin zafin inji ne da yawan zagayen bango, malamin ya ce zai bi shi a zango mai zuwa. Kafin nan ɗalibar ta ce da gero za ta riƙa aunawa a aji. An kuma aika a janye takardar nan ta neman a ɗauke injin.